Alawayyo a Kujerar Baya

Motar da na saya a hannun wani tsohon ma'aikacin dwan, wato kwastan, baƙa ce ciki da waje, kujerunta kuma na wata roba ce mai ƙyalli da aka yi don ta yi kama da fata. Da sanyi na saye ta, shi ya sa ban ga aibinta ba. Na zauna na ji laushi, na ce madalla. Da na tambayi lafiyar kilim, na'urar sanyaya motar, mutumin ya ce iska kawai za a ƙara masa ya soma sanyi. Har yau ana ƙara masa iskar nan.

Ba don kwalisa na saye ta ba. A shekarar ne likita a Damagaram ya ce ƙodojin Baba sun gaji, sai an riƙa kai shi wankin ƙoda sau biyu a mako, in kuwa aka yi fashi ruwa da dafi za su taru a jikinsa. Daga Matameye zuwa can ba tafiyar da za a cusa tsoho mara lafiya a motar tasha ba ce, tsakanin buhuna da gwiwoyin mutane. Sai na kukkuta na sayi tawa.

Baba manomin rake ne. Tun da na buɗe ido a fadama na san shi, wando a naɗe, ƙafafu cikin laka. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin ruwa, shi aka ce kada ya ƙara sha sai abin da aka auna masa a ɗan kofi. Inna, mahaifiyata, ita ke riƙe da kofin, kuma ba ta da sassauci. Da sanyi abin ya zo da sauƙi. Muna zuwa muna dawowa, yana ba ni labarin gonakin da muke wucewa, yana zagin masu su da lalaci.

Sai bazara ta kama.

Ranar da abin ya soma, mun fito daga asibiti bayan azahar. Motar ta yini a rana, don inuwar da ke wurin motocin manya sun riga mu. Na buɗe masa ƙofar baya, ya zauna, sai na ga ya ɗaga bayansa da sauri ya cije leɓe. Duk hanya yana gyara zama, rigarsa na mannewa da robar tana ɓanɓarowa, gumi na bin wuyansa. Wajen Takeita ya roƙe ni ruwa, na ce ya sha nasa na rana. Ya sake roƙo a Kance. Na yi kamar ƙarar mota ta hana ni ji, kuma ban taɓa jin na tsani kaina da aikin da aka ba ni kamar ran nan ba.

A gida Inna ta cire masa riga ta kira ni in gani. Fatar Baba ta riga ta yi laushi saboda ciwo, ga shi bayansa ya yi jawur daga kafaɗa har ƙugu, wani wurin ya tashi ya ɗuri ruwa.

"Na gama zuwa," in ji shi. "Ku bar ni a ɗakina. Ba za a hana ni ruwa kuma a riƙa gasa ni a hanya ba."

Na ɗauka faɗa ne na ranar. Da ranar komawa ta zo ya juya fuska bango. Na lallashe shi, na yi masa faɗa irin wanda ɗa bai kamata ya yi ba, don ni mutum ne mai saurin hawa, amma ko gezau. Kafin wata ranar ta zagayo ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa kuma ana jin sa daga tsakar gida. A nan na gane cewa ran mahaifina ya rataya a kan kujerar mota. In ba a sami abin da zai iya jingina bayansa a kai ba, ba zai shiga ba, in bai shiga ba kuwa ba zai ga damina ba.

Na shiga neman rigar kujera bakin rai bakin fama, kowa kuma ya zama malami a kaina. Mai gyaran kujerun mota na bakin tasha ya fito mini da wasu na leda ja da baƙi, 'yan Kano, ya ce su ake yayi. Na sa hannu na ji su ɗaya suke da abin da nake gudu. Ya ce to karan-miski, mai gashi-gashi, irin na motar amarya. Na tambaye shi ko shi yana kwana cikin bargo a bazara. Direbobin tasha suka ce in sa shimfiɗar ƙwallayen katako da suke zama a kai, mai kama da carbi, wai iska na ratsawa ta ƙasa. Gaskiya ne tana ratsawa, amma wannan sai mai tsoka a baya, Baba kuwa ƙasusuwa ne suka rage. Na gwada tabarmar kaba, ta yi sanyi amma tana karce fata. Wani ya ce buzu. Na shimfiɗa na Baba na salla na zauna a kai, kafin in kai kasuwa na jiƙe.

Da na gaji da shawara sai na karɓo ƙyallaye a wurin tela, kowane launi da kowane irin yadi, na jera su a kan bonet da tsakar rana. Na bar su suka sha rana, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Masu duhu kamar an sauke su daga tanda. Masu santsin leda, ko da farare ne, suna riƙe zafi kuma ba sa shan gumi. Guda ɗaya ne na iya barin hannuna a kai, wani farin ƙyallen auduga mara ado, mara sheƙi. Na zuba masa ruwa ya shanye, kafin in juya ya bushe. Na tambayi tela sunansa, ya dube ni kamar ina yi masa ba'a ya ce alawayyo ne mana.

Na san alawayyo, wa bai san shi ba. Amma a ranar kaina na kan zafi da gumi, ban ga komai a jikinsa ba sai yadi mai sanyi.

Na tafi rumfar mai yadi a kasuwa na ce ya ba ni alawayyo mai kauri. Mutumin yana cikin dariya da maƙwabcinsa, sai ya tsaya cak. Ya rage rediyo, ya gyara hula, ya sauke murya.

"Allah ya jiƙan musulmi. Namiji ne ko mace?"

Sai can na gane. Likkafanin mace ya fi na namiji cin yadi, shi yake so ya san nawa zai yanka.

"Mota ce," na ce masa.

Bai yi dariya ba. Na yi masa bayani, ya saurara, ya ce to Allah ya ba Alhaji lafiya, amma muryarsa ba ta koma yadda take ba. Na ce ya ba ni bandir ɗin gaba ɗaya, don ina son riga biyu ga kowace kujera, a wanke ɗaya a sa ɗaya. Mutumin da kullum sai mun yi kamar za mu daku a kan ciniki, ran nan bai ja ba, ni ma ban taya ba. Na saɓo yadin a kafaɗa na ratsa kasuwa, mutane na matsa mini hanya.

Inna na tankaɗe a tsakar gida lokacin da na shigo. Ta dubi abin da ke kafaɗata, rariyar ta tsaya a hannunta.

"Wa ya aike ka?"

Na ce na kujerun mota ne.

"Duk yadin da ke kasuwa, wannan ka gani? Da mara lafiya kwance a gida?"

Na shiga yi mata lissafin bonet da ƙyallaye. Ta ce to a kai marina a rina shi, ko shuɗi ne. Na ce rini zai sa ya sha rana, kuma in Baba ya yi gumi zai zuba a kan raunin. Ta ce a sami atamfa. Na ce atamfa akwai kakin da ke hana ta shan ruwa. Kowace ta kawo ina da amsarta, murya kuma sai hawa take, har Baba ya yi gyaran murya daga ɗaki ya ce a kawo ya gani.

Na ajiye masa bandir ɗin a gefen katifa. Ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu. Ya ɗaga gefen ya manna a kuncinsa.

"Da sanyi," ya ce. "A ɗinka."

"Alhaji, ka san ko mene ne wannan," in ji Inna.

"Na sani. Gara in soma sabawa da shi."

Inna ta fita. Ni kuwa a lokacin ne na ji da ma ban sayo ba, amma ƙafafunsa na gabana a kumbure kuma ya yarda zai shiga mota. Tela ya ɗinka a ranar. Ragowar yadin na ajiye a kan randa, da na waiwaya ban gan shi ba, ban kuma tambaya ba.

Rigunan sun yi aikinsu, wannan ba zan ɓoye ba. Baba ya zauna ya jingina, ya lumshe ido, har Damagaram bai gyara zama ba. Da aka gama wankin ya fito a galabaice saboda fashin da ya yi, sai ya ce zai kwanta. Na miƙar da shi a kujerar baya, ya ja gefen farin rawaninsa ya rufe fuska don hasken rana. Da muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka shiga yashin unguwarmu na rage gudu ƙwarai, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, kada ramuka su jijjiga shi.

Mahaucin bakin hanya ne ya fara miƙewa. Ya leƙa cikin motar, ya ajiye wuƙa, ya tsaya hannu a ƙirji. Masu dara suka tashi. Wata mata da ke tafe da tulu ta raɓe jikin bango tana salati. Na ɗaga musu hannu, ba wanda ya ɗaga mini. A madubi na ga mutane sun biyo motar a ƙafa, shiru, kai a sunkuye. Sai na waiwaya na ga abin da suke gani: mota na tafiya a hankali daga hanyar asibiti, fari a shimfiɗe, mutum a miƙe a kai, fuska a rufe.

A kwanar gidanmu akwai dogon yaro, a gindinsa Baffa yake yini. Baffa taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, tare suka tashi, kuma tun da nake ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawana. Ran nan Baffa ya taso ba takalmi, ya dafa motar yana tafiya tare da ita, hawaye na bin gemunsa. Kafin in tsaya na ji kuka ya tashi daga cikin gida, labari ya riga mu.

Na kashe mota. Baba ya yaye rawani ya ɗago kai.

"Wa ya rasu?"

Mutane suka ja da baya. Wani ya yi dariya, sannan kowa ya kama. Baffa ya goge fuska da hannun riga da sauri.

"Kai ne, bawana. Ga shi har an naɗe ka. Na zo ɗaukar gadona ne, ka tashi ka ɓata mini lissafi."

"Sai na binne ka tukuna," in ji Baba.

Inna ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a ƙofar zaure, mayafi a hannu, ta dube ni kallo ɗaya ta koma ciki. Ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba sai amsa gaisuwa.

Daga ranar abin ya zama al'ada. Unguwa ta saba da farar kujera, ba mai tashi kuma. Duk ranar dawowa Baffa na gindin bishiyarsa yana jiranmu, da ya hango mu sai ya ɗaga murya.

"Gawa ta iso? Yau dai an dace?"

Baba sai ya turo hannu ta taga, ba tare da ya tashi ba.

"Sai na binne ka."

Yara suka haddace, masu dara na taya su. Ni kaɗai ne abin ba ya ba ni dariya. Nakan ji kamar in taka mota in wuce, amma in na yi haka Baba zai ce in koma baya, bai ba bawansa amsa ba.

Bayansa ya warke sarai. Bai ƙara cewa ba zai je ba, roƙon ruwa a hanya ma ya ragu. Kullum da safe nakan jiƙa tsumma in goge rigar kujerar, ta ɗan yi danshi, iskar taga ta sanyaya ta. Inna ce ke wanke su da kanta, amma ba ta taɓa shanya su a igiyar tsakar gida ba. A cikin ɗaki take rataye su, bayan ƙofa. Ni ne mai cirewa da sawa, don haka ni na riƙa ganin abin da ba na faɗa wa kowa. Gurbin da jikinsa ke bari a kan yadin kullum raguwa yake. Da farko ƙafafunsa na tokare ƙofa sai ya lanƙwasa su, daga baya ya riƙa dunƙulewa har rabin kujerar ya rage ba kowa. Ya daina zagin masu gonaki. Hannun da yake turo wa Baffa, da har gwiwa yake fitowa, sai ya koma yatsu kawai a bakin gilashi. Amsar ma wani lokaci ni kaɗai nake jin ta, Baffa sai ya yi kamar ya ji, ya ce ƙarya kake.

Duk fatan Baba ya ga ruwan farko. Ya ce in aka yi ruwa zai sa a kai shi fadama ko a amalanke ne, ya tsoma ƙafa. Zafi kuwa ya ƙi karyewa. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, garin ya yi tsit kamar an rufe tukunya.

Wata Alhamis mun baro Damagaram da la'asar sakaliya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Bayan Takeita iska ta juya, ta shigo da ƙanshin ƙasa. Baba na kwance a baya, na ji ya ja numfashi mai tsawo.

"An yi ruwa a wani wuri," ya ce.

Na ce da alama wajen Yauri ne, in Allah ya so yau namu ne. Ya ce in sauke gilashin duka. Na sauke. Na ci gaba da surutu, ina ba shi labarin wanda ya riga ya yi binne a gonarsa, ya shuka tun kafin ruwa, ina jiran ya ce raggo ne. Da muka wuce Kance na tambaye shi ko in tsaya ya gyara kwanciya. Bai amsa ba. Na sake tambaya. Na dubi madubi na ga iska na kaɗa gefen rawanin a kan fuskarsa, shi kuma bai kai hannu ya gyara ba.

Na sauka gefen hanya a gindin wani gawo. Hannunsa da ɗumi, amma ba kowa a ciki. Na shafe masa ido, na miƙar da ƙafafunsa, na karanta abin da ya zo bakina. Na daɗe a durƙushe a bakin ƙofar, goshina a kan yadin nan mai sanyi, ina kuka kamar ba babba ba.

Na ciro waya na mayar. Ba a gaya wa mace mutuwar mijinta ta waya, kuma ba ɗanta ne zai gaya mata ba. Babba ake nema ya shiga ya zaunar da ita. A duk unguwar ba wanda ya cancanta sai Baffa. Na ja rawanin na rufe fuskar Baba, na tayar da mota.

Na shiga yashin unguwa a hankali kamar kullum. Mahauci ya ɗaga mini wuƙa yana murmushi. Masu dara ko ɗago kai ba su yi ba. Wata mata ta ce a gaida Alhaji da jiki. Na so wani ya miƙe, ko mutum ɗaya ne, amma ni na koya musu zama.

Baffa na gindin dogon yaro, yana naɗe tabarmarsa saboda hadari. Ya hango mu ya saki tabarmar.

"Gawa ta iso? Yau dai an dace?"

Na tsaya daidai inda yake na kashe mota. Ya matso yana dariya, ya dafa tagar baya.

"Bawana, yau girman kai ne? Ina hannun?"

Ya jira. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Dariyar ba ta bar fuskarsa nan take ba, sai da ta ɗan tsaya, kamar ba ta san inda za ta ba. Ya zura hannu ta taga ya ɗaga gefen rawanin, ya mayar a hankali.

"Tashi mana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ka ce sai ka binne ni."

Ya tsaya a haka hannunsa a kan kafaɗar Baba har ɗigon farko ya soma sauka a kan rufin motar. Sannan ya nemi takalminsa ya sa, ya gyara riga, ya ce in jira a nan, ya wuce gaba zuwa zauren gidanmu.

Ba a je kasuwa neman likkafani ba. Inna ta buɗe adakarta ta fito da ragowar bandir ɗin, a ninke, tun ranar da na kawo shi. Ta miƙa wa Baffa ba ta dube ni ba. Ya isa har da saura.

Motar na nan, rigunan ma suna nan, don ban sami abin da ya fi su sanyi ba. Baffa ya tsufa sosai, sai da sanda yake tashi. Bai sake cewa komai ba in na zo wucewa ta gindin bishiyarsa. Da ya hango farar kujerar sai ya laluba sandarsa ya miƙe tsaye, ba ya zama sai na shige.